Sanarwar neman ma'aikata a Tahoua da arewacin Adar: abin da take nunawa game da buƙatar ƙwadago

Sanarwar neman ma'aikata ita ce takardar da ma'aikatar gwamnati, kamfani ko ƙungiya ke fitarwa domin shaida wa jama'a cewa tana da gurbin aiki, tare da bayyana irin mutumin da take so da ranar rufe karɓar takardu. Masana tattalin arziki sun daɗe suna ƙirga irin waɗannan sanarwoyi wata bayan wata. Idan yawansu ya ƙaru, sai su ce masu ɗaukar aiki na ƙara neman hannu. Idan ya ragu, alama ce ta cewa kasuwar ƙwadago ta fara sanyi. Amfanin wannan ƙirga shi ne saurinsa, domin sanarwa na fita tun kafin a ɗauki mutum, kuma tun kafin a biya albashin farko. Juma'ar da za ta yi kyau, in ji Bahaushe, tun daga Laraba ake gane ta.

A birnin Tahoua da garuruwan arewacin Adar wannan ma'auni na aiki, amma a kan yanki ƙarami na kasuwa. Abin da ya fi nunawa shi ne motsin kuɗin gwamnati da na furoje-furoje da ƙungiyoyin agaji. Mafi yawan ƙwadagon da ake nema a yankin, daga gonakin albasa zuwa wuraren gini da shagunan ƴan Adar da ke ƙasashen waje, da baki ake neman sa. Wanda ya san wannan iyaka zai amfana da alƙaluman. Wanda bai sani ba za su ɓatar da shi.

Asalin ma'aunin

A Amurka aka fara mayar da ƙirgar sanarwa wani tsayayyen aiki. Cibiyar Conference Board ta riƙa tattara tallace-tallacen neman ma'aikata daga jaridun birane 51, kuma jerin alƙalumanta ya faro ne daga 1951. Da intanet ta janye tallace-tallacen daga jaridu, cibiyar ta soma ƙirga na shafukan intanet a 2005, ta kuma daina na jaridu a 2008. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta bi wata hanya daban: tun daga watan Disamban 2000 take tambayar kamfanoni kai tsaye yawan guraben da suke da su, ko sun yi talla ko ba su yi ba. A Faransa, hukumar samar da aiki, wadda ta koma France Travail a watan Janairun 2024, na tambayar masu kamfanoni kowace shekara mutum nawa suke da niyyar ɗauka da kuma sana'o'in da suke wahalar samu.

Tunanin da ke bayan wannan aiki ana danganta shi da William Beveridge, masanin Ingila da ya yi rubutu kan samar da aiki ga kowa a 1944. A taƙaice, yawan guraben aiki da yawan marasa aiki kamar guga biyu ne a kan igiya ɗaya: idan ɗaya ya hau, ɗayan na sauka. Idan kuwa aka ga duka biyun sun yi yawa a lokaci guda, to akwai rashin dacewa tsakanin abin da masu neman aiki suka iya da abin da ake nema, ko tsakanin inda suke zaune da inda aikin yake.

Wannan lissafi an gina shi ne a ƙasashen da yawancin ma'aikata ke karɓar albashi a rubuce. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2018 ya nuna kashi 85.8 cikin ɗari na masu aiki a Afirka suna cikin ayyukan da ba su da rajista. Nijar na cikin ƙasashen da abin ya fi ƙarfi, kuma binciken da Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, ta gudanar a 2017 tare da sauran ƙasashen UEMOA kan aiki da sana'o'in da ba su da rajista ya tabbatar da haka.

Inda sanarwa ke fitowa

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ba jihar Tahoua mutum 3,328,365, birnin Tahoua kuma 149,498. Birnin na da nisan kimanin kilomita 550 daga Yamai, kuma nan ne mazaunin gwamna da ofisoshin jiha, saboda haka kusan duk wata takardar neman ma'aikata da ta shafi Keita, Tamaske, Barmou, Kalfou, Affala, Takanamat ko Abalak sai ta ratsa ta nan.

Ƙofa ta farko ita ce ANPE, hukumar ƙasa mai kula da bunƙasa samar da aiki, wadda aka kafa a 1996 kuma take da reshe a Tahoua. A ƙarƙashin dokar ƙwadago, wadda aka sabunta da doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumban 2012, hukumar ke yin rajistar masu neman aiki, ta ba su kati, ta kuma karɓi sanarwar guraben da masu ɗaukar aiki suka kai mata. Shi ya sa ake yawan ganin katin ANPE cikin takardun da ake buƙata a dosiye, tare da takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa da shaidar karatu. Alƙaluman wannan hukuma, da na ONEF mai sa ido kan aiki da koyon sana'a, su ne tushen duk wani lissafi na hukuma.

Ƙofa ta biyu ita ce jaridun gwamnati, Le Sahel da Sahel Dimanche, inda manyan furoje-furoje da ma'aikatu ke buga sanarwarsu. Ta uku ita ce shafukan intanet, irin su Niger Emploi da ReliefWeb, wanda ƙungiyoyin agaji na duniya suka fi amfani da shi. Bayan su akwai allunan da ke ƙofar ofisoshin gundumomi da na magadan gari, da gidajen rediyo, sai kuma zaurukan WhatsApp da Facebook, inda hoton takarda ɗaya kan zagaya wayoyi da yawa cikin yini guda.

Kusan duk waɗannan sanarwoyi da Faransanci ake rubuta su. Kundin tsarin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, amma takardar neman ma'aikata har yanzu tana magana ne da wanda ya yi lakwal. A ƙasar da manyan da suka iya karatun boko ba su kai rabi ba, harshen sanarwar kaɗai ya isa ya nuna wa ake kira.

Su wa ke neman ma'aikata ta takarda

Gwamnati ce a gaba. Tana ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawar shiga aiki, wadda aka fi sani da konkur, da kuma ta kwantiragi, musamman malaman makaranta da ma'aikatan lafiya. Tsarin malaman sa-kai da aka soma a ƙarshen shekarun 1990 shi ya rikiɗe ya zama na ƴan kwantiragi, waɗanda suka zama ginshiƙin makarantun ƙauye. Irin wannan ɗauka daga Yamai ake yanke shawararta bisa kasafin kuɗi, don haka sanarwa ɗaya na iya ƙunsar gurabe masu yawa na jihohi takwas, kuma ba ta faɗin halin da ƴan kasuwar Tahoua ke ciki.

Na biyu su ne furoje-furojen raya karkara da ƙungiyoyi masu zaman kansu. Su ke neman masu wayar da kai, masu tattara bayanai, akawu, direbobi, masu gadi, ungozoma da injiniyoyin noma. Yawancin guraben na wata shida ne ko shekara guda, kuma suna mutuwa ranar da kuɗin mai tallafi ya ƙare.

Na uku su ne kamfanoni masu rajista, waɗanda ba su da yawa: rassan bankuna da asusun ba da ƙananan rance, kamfanonin waya da na aika kuɗi, kamfanonin bas-bas, makarantu da asibitoci masu zaman kansu, da ƴan kwangilar gini. Babbar masana'antar jihar, ta siminti, tana Malbaza ne a kudu. Kwal ɗin Salkadamna da ke arewa maso yammacin birnin an daɗe ana maganar haƙo shi da kafa tashar lantarki a kansa. Irin wannan aiki ne kaɗai zai iya canza fasalin sanarwoyin yankin daga na agaji zuwa na masana'antu.

A ɗaya ɓangaren kuma masu jiran sanarwar na ƙaruwa. Jami'ar Tahoua, da aka kafa a 2010 kuma take ɗauke da sunan masanin tarihin Adar Djibo Hamani, na yaye ɗalibai kowace shekara a fannonin shari'a, tattalin arziki, sarrafa harkokin kamfani da ilimin koyarwa. Ƙidayar 2012 ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara. Saboda haka ko da yawan sanarwa bai ragu ba, rabon kowane mai takarda na raguwa muddin bai ƙaru daidai da yawan masu nema ba.

Abubuwan da ke ɗaga ta da sauke ta

Tarihin yankin ya nuna cewa buƙatar ma'aikata ta takarda na bin bala'i da tallafi fiye da yadda take bin albarkar kasuwa. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, Adar ta zama fagen manyan ayyukan raya ƙasa. Ƙungiyar CARE ta soma dashen layukan itatuwa masu tare iska a kwarin Majiya a 1975. Furojen Keita, da Italiya ta ba da kuɗinsa tare da hannun FAO da Hukumar Abinci ta Duniya, ya soma aiki a 1984, ya farfaɗo da fako mai faɗi, ya dasa miliyoyin itatuwa. A wannan aiki an ga bambancin da ake magana a kai ƙarara: injiniyoyi da direbobin manyan injuna ta takarda aka ɗauke su, amma ɗimbin masu ɗaukar duwatsu da haƙa ramuka, waɗanda yawancinsu mata ne domin maza sun tafi bida, ta hannun masu gari aka tara su, aka biya su da abinci.

Rikicin Mali na 2012 ya kawo ƴan gudun hijira arewacin jihar, aka buɗe masu wuraren zama irin su Intikane, ƙungiyoyin agaji kuma suka buɗe ofisoshi a Tahoua suka ɗauki ma'aikata. Dokar ta-ɓaci da aka kafa a gundumomin Tillia da Tassara a watan Maris 2017, da kisan mutum 137 a ƙauyukan Tillia ranar 21 ga Maris 2021, sun ƙara buƙatar agaji, suka kuma sa kai wa ga jama'a ya yi wuya. A irin wannan hali ƙaruwar sanarwa shaida ce ta ƙaruwar wahala.

Akwai kuma ɗagawa ta ɗan lokaci. Bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamban 2017, wanda aka yi wa laƙabi da Tahoua Sakola, ya jawo ayyukan hanyoyi da gine-gine a birnin, suka ɗauki magina da leburori, sannan suka watse bayan biki. Ƙidayar jama'a, rajistar masu zaɓe da kamfen ɗin rigakafi su ma haka suke: gurabe masu yawa na ƴan kwanaki ko ƴan makonni.

Saukar kuma daga waje take zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙasashe da hukumomi da dama sun dakatar da tallafinsu, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumin da ba a ɗage ba sai ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyakar Konni da Illela ta Najeriya kuma ta kasance a rufe tsawon watanni. A watan Nuwamban 2024 hukumomi suka janye izinin aikin ƙungiyar Acted, a watan Fabrairun 2025 suka umarci ƙungiyar agaji ta CICR ta bar ƙasar. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, daga baya ta rushe hukumar USAID. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai na taɓa guraben da ake tallatawa a Tahoua kai tsaye, alhali manomin albasa na Tamaske na iya ci gaba da neman ƴan barema kamar yadda ya saba.

Aikin da ba ya shiga sanarwa

Buƙatar ƙwadago mafi girma a Adar tana bin kalandar noma. Daga Yuni zuwa Satumba ana neman hannu don shuka da noman gero da dawa, a Oktoba don girbi. Daga nan sai aikin rani ya karɓa a fadamun Keita, Tamaske da bakin tafkin Tabalak: dashen albasa a Nuwamba da Disamba, ban ruwa har tsawon watanni, sannan cira, yankan ganye, ɗura buhu da lodin manyan motoci daga Fabrairu zuwa Afrilu. Albasar Galmi da ake nomawa a faɗin jihar na cikin manyan kayan da Nijar ke fitarwa zuwa Ghana, Côte d'Ivoire da Benin. Duk wannan aiki da baki ake ƙulla shi, a bakin gona ko a tasha, kuma ana biya a yini ko a kan kowane buhu.

Haka abin yake a cikin birni. Magini na kiran leburorin da ya sani, tela da makaniki na karɓar yaro daga hannun mahaifinsa, mai babur na ba ɗan kabu-kabu bisa yarjejeniyar abin da zai kawo kullum. Ranar Lahadi, da kasuwar Tahoua ke ci, masu dako, ƴan kamasho da masu kora dabbobi na samun aikin da babu wanda ya rubuta shi. A arewa, bayan iyakar noma da dokar 1961 ta shata, makiyayin haya na karɓar garke bisa amana da sanayya. Mafi ƙarancin albashi na hukuma, wanda ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a watan Janairun 2024, bai shafi yawancin waɗannan mutane ba, kamar yadda asusun CNSS bai san da su ba.

Ga wannan ɓangare akwai ma'aunai da suka fi sanarwa faɗin gaskiya. Na farko shi ne kuɗin yinin ɗan barema: idan ya hau, hannu ya yi ƙaranci. Na biyu shi ne kwatanta wannan kuɗi da farashin tiyar gero, domin shi ke nuna ko aikin yini na ciyar da gida. Na uku shi ne farashin buhun albasa lokacin cira, wanda ke yanke yawan filin da za a dasa a baɗi.

Bida: kasuwar da ke wajen ƙasa

Adar na cikin yankunan Nijar da suka fi yawan masu tafiya bida. Da an gama girbi samari ke kama hanyar Najeriya, Côte d'Ivoire, Kamaru, Libiya ko Aljeriya, wasu su dawo kafin ruwan farko, wasu su shekara da shekaru. Gano zinariya a Djado da Tchibarakaten a 2014 ya buɗe wata hanyar zuwa arewa. Ga waɗannan matasa sanarwar neman ma'aikata ita ce saƙon murya daga yaya ko ɗan gari da ya riga su tafiya, yana cewa akwai wurin tsayawa, wani lokaci har da kuɗin mota.

Wannan ya sa buƙatar ƙwadagon ƴan Adar ta dogara da abin da ke faruwa a nesa. Rikicin Côte d'Ivoire na 2002 da na 2010 zuwa 2011, yaƙin Libiya na 2011, korar baƙi daga Aljeriya ta Assamaka da faɗuwar darajar naira duk sun taɓa aljihun gidaje a Bouza, Keita, Illela da Tchintabaraden. Dokar 2015-36 kan safarar baƙin haure, da soke ta a watan Nuwamban 2023, sun canza tsada da haɗarin hanyar arewa. Cikar tashoshin mota bayan girbi da layin masu karɓar kuɗi a rassan kamfanonin aika kuɗi na ba da labarin wannan kasuwa fiye da kowane allon sanarwa.

Yadda ake karanta alƙaluman

Mai son yin amfani da ƙirgar sanarwa a Tahoua na buƙatar kiyaye wasu ƙa'idoji. Ta farko, a ƙirga gurabe, domin takarda ɗaya na iya neman akawu guda, wata kuma masu tattara bayanai hamsin. Ta biyu, a cire maimaici: sanarwa ɗaya kan fito a ANPE, a jarida, a intanet da WhatsApp, kuma idan ba a samu wanda ya dace ba a sake fitar da ita. Ta uku, a duba wurin aiki, domin guraben Abalak ko Keita da yawa daga hedkwatar ƙungiya a Yamai ake tallata su, a can kuma ake lissafa su.

Ta huɗu, a raba gurabe bisa tsawonsu da mai biyan albashinsu. Aikin kwana goma da na dindindin ba su zama ɗaya ba, haka gurbin da ɗan kasuwa ya buɗe da ribarsa ya fi nuna lafiyar tattalin arzikin gari a kan wanda tallafin waje ya buɗe. Ta biyar, a kwatanta wata da takwaransa na bara. Ɗaukar malamai na taruwa ne gab da komawa makaranta a Oktoba, ta ƙungiyoyin agaji gab da lokacin ƙarancin abinci na Yuni zuwa Agusta, ta furoje-furoje kuma a farkon shekarar kasafi. Wanda ya kwatanta Oktoba da Nuwamba zai ga faɗuwar da ba ta da ma'ana.

Ta shida, a tuna cewa sauyin hanyar sanarwa na iya kama da sauyin kasuwa. Idan kamfanin da a da yake ɗauka ta sanayya ya koma bugawa a intanet, ƙirga za ta hau ba tare da an ƙara gurbi ko ɗaya ba. Akwai kuma sanarwar cika ƙa'ida, wadda ake fitarwa bayan an riga an san wanda za a ɗauka, da ta ƴan damfara, wadda ake gane ta da neman a aika kuɗin dosiye ta waya zuwa lambar wani mutum.

Amfaninsa

Duk da wannan iyaka, abin da ke cikin sanarwoyin na da daraja, sau da yawa fiye da yawansu. Sharuɗɗan da ake maimaitawa, kamar iya kwamfuta, lasisin tuƙin babur, jin Tamashek ko Fulatanci ban da Hausa, da shekaru biyu ko uku na gogewa, na nuna wa ɗalibi da iyayensa abin da kasuwar takarda ke saye. Gurbin da aka sake tallatawa sau biyu ko uku na nuna sana'ar da ta yi ƙaranci, kuma wannan bayani ne da cibiyoyin koyon sana'a da asusun FAFPA mai tallafa masu ke buƙata kafin su buɗe sabon fanni. Ga ƙananan hukumomi kuwa, raguwar sanarwar ƙungiyoyi gargaɗi ne da wuri cewa masu gidajen haya, masu sayar da abinci da masu ba da hayar mota za su ji a jikinsu nan da ƴan watanni.

Cikakken hoton buƙatar ƙwadago a Tahoua da arewacin Adar na samuwa ne idan aka ajiye abubuwa uku gefe da gefe: rajistar ANPE da sauran sanarwoyi don aikin albashi, kuɗin yinin barema da farashin gero don aikin karkara, sai motsin tasha da kuɗin da ƴan bida ke aikowa don kasuwar waje. Idan sanarwa ta ragu, kuɗin barema ya faɗi, tasha kuma ta cika tun kafin a gama girbi, shekarar mai nauyi ce, kuma hukumomi na da ƴan watanni ne kawai su shirya mata.